Hamdiya Mai Ƙirga Haske

A Dakoro, in ka tambayi ƴan lise, babbar sakandaren garin, ina Hamdiya Zakiru take, sai su tsaya kallon juna. Amma in ka ce Madam Fizik, nan take za su kwatanta maka ita: doguwa, siririya, mai tafiya a hankali, kullum da jakar fata a kafaɗa wadda igiyarta ta tsinke aka ɗaure da waya. Shekara biyu ta yi tana koyarwa a garin, kuma cikin ɗaruruwan da suka zauna gabanta ƙalilan ne suka san aikin da hannunta ya saba da shi kafin ya riƙe alli.

A Kornaka aka haife ta, ita ce ta huɗu a ɗakinsu. Mahaifinta Malam Zakiru manomin gero ne da gujiya, mutum mai ƙarancin magana. Bai taɓa zama a aji ba, amma duk ƙarshen zango in ta kawo takardar sakamako sai ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya ce ta karanta masa daga sama har ƙasa, in ta gama ya ce ta sake. Da ta samu shiga lise, shi da kansa ya kai ta Dakoro ya damƙa ta ga ƙanwarsa Aisata, mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Daga Dakoro sai Yamai, jami'a, sashen fizik, su uku mata a ajinsu. A shekara ta biyar wani malaminta ya tura takardunta Faransa, aka ba ta bursu, wato tallafin karatu, ta tafi.

Ta zaci manyan injuna za ta tarar. Sai aka sauka da ita wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, ba taga, bangonsa lulluɓe da baƙin kyalle, a tsakiya tebur na ƙarfe cike da ƙananan madubai. Wanda aka haɗa ta da shi ya koya mata aiki wani ɗan Senegal ne mai suna Samba, da ke neman digirin dokta a wannan labo, wato ɗakin gwaje-gwajen. Shi ya ɗora mata wani abu a tafin hannu, girmansa bai wuce akwatin ashana biyu ba, ya ce, "Ga abokin zamanki. Ku saba."

Na'urar kama haske ce. Hamdiya ta riga ta karanta cewa haske in aka yi ta rage shi, ba ya ƙafewa a hankali kamar ruwan tafki. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ƙwayar ba ta rabuwa biyu. Foton ake ce mata. An ƙera na'urar ne ta ji ƙwaya ɗaya tak ta ba da alama, kwamfuta ta ƙirga, kuma da irinta ake manyan gwaje-gwajen fizik kwantik, ilimin halin irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi. Sai dai babu wadda ke faɗin gaskiya tsantsa. Ƙwaya ɗari za su faɗa mata, ta kama sittin ta bar arba'in su wuce. In ta kama ɗaya sai ta kurumce na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, duk wadda ta zo a tsakanin nan ta tafi a banza. Wani sa'in kuma a rufe ta ruf cikin duhu, ba haske ko ɗigo, ta ci gaba da ba da alama ita kaɗai. Wannan suke kira ƙidayar duhu. Aikin Hamdiya shi ne ta fitar da halin kowace na'ura da lambobi, don wanda zai yi gwaji da ita ya san iyakar inda zai yarda da ita.

Faɗin hanyar ba wuya, yinta ne ke cin rai. Za ta ɗauki hasken laza, siririn hasken nan mai tafiya a miƙe, wanda aka san ƙarfinsa, ta jera masa gilasai masu duhu har ya koma abin da ido ba ya gani, ta aika wa na'urar sau miliyan, ta rubuta sau nawa ta amsa. Ta ƙara hasken kaɗan, ta sake. Haka har mataki hamsin, sannan lissafi ya tace amsoshin ya fito da halin na'urar. In zafin ɗakin ya motsa tsakar aiki, a koma farko. Wadda ta fi kwanta mata a rai kuwa ita ce hanyar tagwaye. Akwai wani dutse mai kama da gilashi da in haske ya ratsa shi yakan fitar da ƙwayoyi biyu-biyu lokaci guda. A tura ɗaya ga na'ura ta farko, ɗaya ga ta biyu. Duk sanda ta farko ta amsa, an san ƴar'uwar ta nufi ta biyu, in ta biyu ta yi shiru to ta kuskure ke nan, kuma ba sai ka san ƙarfin fitilarka ba. Ranar da Samba ya nuna mata wannan, da ƙafa ta koma masauki maimakon bas, don ta samu sararin juya abin a ranta.

Kowace Juma'a takan kira gida. Wata rana Malam Zakiru ya ce, "Wai mi kike yi can takamaimai? An tambaye ni masallaci na rasa ta cewa."

"Baba, akwai abin da ke auna haske. Ni kuma shi nike aunawa, in ga ko aikinshi daidai ne."

Tana jin kukan awaki ta salular. Can ya ce, "To ke kuma wa ka auna ki?"

Ta yi dariya har Samba ya leƙo ya ga lafiya.

Wata goma sha takwas ta yi a ɗakin nan. Shugabar labon, wata dattijuwa da ba ta cika yabo ba, ta ce ta ci gaba da digirin dokta daga Satumba. Ana cikin shirin haka, a Yulin 2023, aka kira ta daga Kornaka cewa mahaifinta ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta haɗa ƴar jaka ta sati biyar. Rigar sanyinta da littattafan aikinta ta bar wa Samba ajiya, da wata na'ura ɗaya da ta fara aunawa ba ta gama ba.

Kwana goma sha ɗaya da saukarta aka wayi gari mulki ya canza hannu a Yamai. Iyakoki suka rufe, jirage suka tsaya. Takardar zamanta ta Faransa a Satumba za ta ƙare. Ta ji labarin ɗalibai da suka bi ta Gaya suka tsallaka kogi a kwalekwale don su kama jirgi a wata ƙasa, ta kwana biyu tana tunanin bin su. Amma a lokacin mahaifinta ko cokali ba ya iya ɗagawa, kuma daga hannunta kaɗai yake yarda ya sha kunu. Ta ce bari ya ɗan farfaɗo. Kafin ya farfaɗo takardar ta ƙare, wurin neman biza kuma a rufe.

Shugabar labon ta rubuto cewa za su riƙe mata gurbin har Janairu. Sau biyu Hamdiya ta hau mota zuwa Yamai, yini guda cur a hanya, ta dawo da ƙafafu a kumbure ba wani labari. A Oktoba Gwaggo Aisata ta ce mata, "Zaman jira ba shi da daɗi, ɗiyata. An ce lise na neman malamin fizik. Ki riƙe kahin hanya ta buɗe." Ta karɓi aikin kwantiragi, ta koma ɗakin da ta kwana tana ƴar makaranta, bayan rumfar ƙosai. Wasiƙar Janairu a Kornaka ta same ta, ranar Asabar, tana zaune bakin tabarmar mahaifinta. An rubuta ta da ladabi ƙwarai: sun jira iyakar abin da za su iya, an ba wani gurbin. Ta karanta sau ɗaya ta kifa salular a cinya, ta ci gaba da ba shi kunu. Ba ta yi kuka ba. Ji ta yi kamar ta sauke tulu bayan doguwar tafiya ta tarar ba ruwa a ciki, sai ciwon wuya.

Aji huɗu aka ba ta, mafi ƙanƙanta mutum saba'in da takwas. Uku-uku suke zama a benci, na baya ba sa ganin tablo, allon ajin, sai sun miƙe. Tana zana pil, wato batir, da waya da ampul, ƙwan fitila, da alli, ta ce su ɗauka wuta ta kama. Kafin azahar muryarta ta dushe. Da yamma ta zauna da tarin takardun gyara a kan tabarma har kiran magariba, Asabar ta hau motar Kornaka, Lahadi ta dawo. Malam Zakiru ya rasu da damina ta gaba, gero na fitar da kai. Bayan kaka ta auri Abdulmumini, ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi, wanda rabin watansa a dajin Tagriss yake yi wajen rigakafin garke. A motar Kornaka suka saba, shi ne mai ba ta wurin zama kusa da taga. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa tambayarta ko tana da-na-sanin dawowa ba, ita kuma ta gode masa da wannan a ranta.

Wata safiya a tsakiyar Fabrairu, lokacin hutun ƙarfe goma, saƙon Samba ya shigo. Aikin da suka yi tare an buga shi a mujallar masana, sunanta na uku cikin biyar. Ta tsaya a inuwar bishiyar bedi tana jan shafukan da yatsa. Ta gane jadawalinta, ta gane har wurin da ta sake awo sau uku. A ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa, "Kin san ƴar jar fitilar nan da ke jikin tsofaffin rediyoyi? Wasu daga cikinsu in kika juya musu wuta ta baya, kika kai kusan bolt ashirin da biyar, suna jin ƙwayar haske ɗaya. Ba su da kirki sosai, amma suna yi. Na tuna da ke." Aka kaɗa ƙararrawa, ta koma aji ta ci gaba da darasin ampul.

Sati biyu ba ta amsa ba. Ranar Laraba da yamma, da ba a karatu, sai ta tsinci kanta a bakin kasuwa gaban rumfar Agali mai gyaran rediyo. Agali dattijon Buzu ne daga arewacin Tagriss, wanda fari ya cinye raƙumansa tun yana saurayi, ya shigo gari ya koyi riƙe ƙarfen dalma. Bayan rumfarsa akwai tsibin matattun rediyoyi da ya fi shekara talatin yana tarawa.

"Baba Agali, ƴan jajayen fitilun nan nike so. Na tsohhin rediyo, ba sabbi ba."

"Guda nawa, Madam?"

"Duk wanda kake da shi."

Ya sauke tabaransa ya dube ta. "Ado za ki yi wa ɗaki?"

Ta yi masa bayani iya yadda za ta iya. Sai ya jawo rediyo na farko ya fara kwance shi.

A lise akwai wani ɗan ɗakin ajiya da ake ce wa labo, ba komai ciki sai karyayyun benci da kabad mai kwaɗo. Shugaban makarantar ya ba ta mabuɗi, ya ce in ta ga abin amfani ta yi amfani da shi. Ta tarar da tsohon osiloskop, injin nan mai ɗan gilashi da ke zana motsin wuta da koren layi, kuma da aka sa shi a wuta ya kama. Ta samo gwangwanin madara ta shafe cikinsa da baƙin fenti, ta haɗa pil uku masu bolt tara-tara, ta sa ƴar rezistans a tsakani don ta tare wutar kada ta yi yawa. Agali ya cire mata amfili mai ƙara ƙarfin sauti da lasifika daga wani rediyon, ya ce in abin ya motsa gara kunne ya ji, ido na gajiya.

Laraba da Asabar da yamma take zuwa. Ta sa fitila ɗaya a gwangwani, ta rufe, ta ɗaga wutar a hankali tana kallon koren layin. Shiru. Ta cire ta sa wata. Ashirin suka wuce, talatin, arba'in. Bazara ta shigo, kwanon ɗakin ya zama kamar murfin tukunya, zufa na ɗiga daga haɓarta kan takarda. Sau da yawa takan zauna a karyayyen benci ta tambayi kanta wa ya aike ta. Ta arba'in da bakwai daga wani tsohon rediyo mai kaset aka ciro ta, ranar kuwa Agali ya rufe rumfa ya biyo ta don ya ga inda kayansa ke ƙarewa. Tana kaiwa bolt ashirin da huɗu sai layin ya fara tsalle, lasifikar ta ɗauki tas-tas-tas kamar ana gasa gero a kasko.

Agali ya miƙe tsaye. "Shi ke nan? Hasken ne wanga?"

"A'a, Baba. Ba haske cikin gwangwanin. Ita kaɗai take yi."

"Wato ƙarya take."

"Ƙarya take."

"Kin yi wata guda cikin zahin ga don ki ji ƙarya?"

"Sai na san yawan wadda take yi cikin duhu, sannan in na ba ta haske in san abin da ya ƙaru."

Ta huda murfin da allura ta bar ɗan haske ya shiga. Ƙarar ta yi kauri nan take. Ta toshe hudar da yatsa, ta koma yadda take. Agali ya sa nasa yatsan ya gwada, ya cire, ya mayar, ya fi sau goma, yana dariya cikin rawaninsa. Ita kuwa zama ta yi tana sauraro.

Daga nan aikin da ta sani ya fara. Ta haɗa amfilin da kwamfutarta, ta rubuta ɗan shirin da zai ƙirga ƙarar. A zafin ɗakin, digiri arba'in da biyu, fitilar na yin wajen ɗari tara a daƙiƙa cikin duhu. Ta san zafi ne ke ingiza ta, amma sani daban, aunawa daban. Da Abdulmumini ya dawo daga Tagriss ta roƙe shi aron akwatin sanyin da yake ɗaukar allurar dabbobi, da ƙanƙararsa da ma'aunin zafinsa.

Ya ce, "Litinin da asuba zan tahi da shi hwa. Shanun mutane na jira."

"Lahadi da la'asar shina hannunka, Malam."

Ta sa gwangwanin cikin akwatin har ya sauka digiri takwas, sannan ta buɗe kaɗan ta bar shi yana ɗumama da kansa, duk digiri biyu ta ɗauki ƙidaya. A takwas ba ta kai saba'in ba. A ashirin ta haura ɗari biyu. Ta maimaita Asabar huɗu, duk sanda akwatin ke gari, lambobin suka riƙa faɗawa kusa da juna. Sannan ta sa ƴan fitilu biyu masu rauni cikin gwangwanin. Ta kunna ta farko ta ƙirga, ta kunna ta biyu ta ƙirga, ta kunna su tare. In na'ura ba ta kurumcewa, ƙidayar biyun tare za ta zama jimillar ɗaiɗaikun, abin da ya gaza kuwa shi zai nuna tsawon kurumcewar. Wannan ma ta samu, ko da yake da ƙiyasi mai faɗi.

Abu ɗaya ya gagare ta, kuma shi ne babba: cikin ƙwaya ɗari, nawa fitilar ke kamawa? Wannan sai da hasken da aka san ƙarfinsa, ko dutsen tagwaye, kuma ba ɗayansu a Dakoro. A kayenta, littafin da take rubuta awon, ta ja layi ta yi wa tambayar gurbi, ta bar shi fari. Ta aika wa Samba hotunan shafukan. Ya amsa cewa aikin tsaf yake, gurbin nan ne kawai, kuma zai nemi mai zuwa Yamai ya ba shi ƴar na'urar awon haske da aka riga aka daidaita.

A farkon Mayu ta kai kayan ajin ƙarshe, masu shirin bak, jarrabawar gama lise. Ta ɗora gwangwanin kan tebur ta ce a yi shiru. Mutum tamanin suka yi tsit, lasifikar na tas-tas. Ta buɗe hudar, ta toshe, ta faɗa musu abin da suke ji. Na gaba suka miƙo wuya. Sai wata daga tsakiya ta ɗaga hannu.

"Madam, wanga zai hito a bak?"

"Ba zai hito ba."

Ba wanda ya yi rashin kunya. Kawai ta ga kawuna suna komawa kan kaye ɗaya bayan ɗaya, don saura sati shida jarrabawa kuma ba su gama manhaja ba. Ba ta ga laifinsu ba, ita ma a shekarunsu abin da za ta tambaya ke nan. Ta kashe amfilin ta ɗauki alli. Da aka tashi mutum biyar ko shida suka tsaya suka sa yatsa a hudar, suka yi godiya suka fita.

A lokacin tana da ciki wata huɗu, ga gyaran jarrabawar gwaji na azuzuwanta huɗu. Wata Asabar ta shiga labo bayan ta gyara takarda ta fi ɗari biyu, idonta na yaji. Pil ɗin sun yi sanyi, ta sa sababbi, wajen mayar da wayoyin ta tsallake rezistans ɗin ba ta lura ba. Lasifikar ta yi ƙara ɗaya mai ƙarfi ta yi shiru. Ta duba, ta ga abin da ta yi. Ta gyara haɗin, ta ɗaga wutar, ta sauke, ta sake ɗagawa. Koren layin na kwance, fitilar ta ƙone. Ta rufe kabad ta tafi gida ta ɗora tukunya.

Sati uku bayan haka saƙon Samba ya iso ta hannun wani direban Maraɗi, ƴar na'ura cikin kwali an naɗe ta da rigar sanyin da ta bari. Da hutu Agali ya bi rumfunan abokan sana'arsa har Maraɗi ya haɗo mata wasu fitilun ashirin da shida. Ta gwada su duka cikin Yuli, tana zama tana tashi da ƙyar. Biyu sun ɗan motsa suka mutu, sauran ko gezau. Ta rubuta abin da ta samu a shafi takwas, da gurbin nan a fari yadda yake, ta aika wa Samba, ta ajiye kwafi ɗaya cikin kabad ɗin makarantar tare da osiloskop.

Da aka fitar da jerin canjin wurin aiki na sabuwar shekara, sunanta ya fito a kolejin Rumbu, ƙaramar sakandare ta ƙauye, inda ba su da malamin fizik ko ɗaya. Ta haihu a Oktoba, mace, aka sa mata Haula. Bayan ta gama wanka ta tattara ta tafi, Gwaggo Aisata ta bi ta don ta riƙe mata jinjirar. Ajinta na Rumbu na zana ne, ba wutar lantarki, salula ma sai an je gindin wata bishiyar aduwa bayan makaranta take kamawa. A gindin aduwar ta ga saƙon Samba na ƙarshe: wani labo a Maroko na neman mai irin aikinta, ba ruwansu da bizar Faransa, ya riga ya yi musu maganarta, a cike takarda kafin ƙarshen Disamba. Ta buɗe takardar ta cike suna da ranar haihuwa da makarantun da ta yi. Da ta zo inda ake tambayar abin da take so ta bincika cikin shekara uku, ta tsaya. Kullum in an tashi sai ta ce gobe.

Abdulmumini kan zo ranar Juma'a a kan babur. A Juma'ar farko ta Janairu, suna zaune a tsakar gida bayan an sauko daga masallaci, ya ce, "Kin aika takardar nan?"

"Ban aika ba."

"Lokacin ya wuce ke nan."

"Ya wuce."

Ya juya kofin shayinsa a hannu. "In don ni ne ko don yarinyar ga, da mun san yadda munka yi. Gwaggo na nan, ni ma ina nan."

"Na sani, Malam. Ba ku ba ne. Kuma ba wai ba ni so ba." Ta gyara wa Haula kwanciya a cinyarta. "Na gaji ne. Tun ina shekara goma sha biyar nike shirin tahiya wani wuri. Bari in zauna shekara guda ba ni jiran kowa."

"Shekara guda."

"Ko biyu."

Ya karɓi jinjirar ya sa a kafaɗa ya fita da ita ƙofar gida, inda maƙwabta ke zaune a inuwa. Hamdiya ta jingina da bango da niyyar ta ɗan rufe ido kafin ta tashi ta shirya darasin Litinin. Gwaggo Aisata ta fito daga madafa ta same ta barci ya kwashe ta a zaune, ta ɗauko matashi ta sa mata, ta hana kowa tashinta har aka kira la'asar.